Rufin da Ke Zufa

Tawrirt, Oktoba 1978

Zuwa ga Yayana Arezki,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da mutanen garinmu da kuke ɗaki ɗaya da su a can Faransa. Mu lafiya lau muke, sai dai gwiwar kakarmu Setti da ka sani. Ta ce in gaya maka ɓauren bana ya yi kyau, ta shanya naka ta ajiye a rumbu, kuma ba wanda zai taɓa. Ka yi haƙuri da rubutuna. Malamin da yake rubuta mana wasiƙa an mayar da shi wani gari. Setti ta ce tunda na gama firamare, ba dalilin da za a riƙa kai maganar gida waje. Wannan ce ta farko da na rubuta wa wani da ba malami ba.

Kwanon alminiyam ɗin da ka sa aka kawo ya iso. Motar ta tsaya a shagon Baffa Busad a bakin titi, alfadarai suka hau da shi gari. An yi gayya, maza duk sun fito, mu kuma muka dafa kuskus da wake da kabewa. Suka sauke tsoffin kasaken yumɓu na rufi hannu da hannu. Setti ta zauna a kan dutsen ƙofar gida tana kallo. Ta ce kakanmu ne ya gasa su shekarar da aka kawo ta amarya, amma ba ta yi kuka ba, sai dai ta riƙa yi wa maza tsawa kada su fasa. Baffa ya kwashe su, ya ce zai rufa garken tumakinsa.

Yaya, ka ga yadda gidan yake ƙyalli. Daga maɓuɓɓuga ana hango shi. Maƙwabciyarmu Nna Tawes ta leƙo ta katanga ta kira Setti da sunanta na yanka ta ce: "Juher, yanzu kin zama kifin gwangwani, saura a zuba miki mai." Setti ta ce gara kifin gwangwani da tsohuwar kazar da ruwa ke duka. Kowa ya yi dariya, har ni.

Abu ɗaya nake so in tambaya, in ba laifi. Da ka zo hutu ka zana mini a ƙasa da tsinke, ka ce ba a ɗora wannan kwano tsirara. Ka ce sai an jera katako, an shimfiɗa audugar gilashi mai tare sanyi, an fitar da bututun hayaƙi, sannan a kafa ƙarafunan da ke tare dusar ƙanƙara. Na ga an sauke waɗannan duka a shago, amma kwanon kaɗai aka hau da shi. In na kwanta a benen katakona na sama, ƙarfe nake gani kusa da hancina. Setti ma ta tambayi Baffa ta ina hayaƙin murhu zai fita, tunda da ta tsakanin kasake yake bi. Ya ce sauran aikin sai an gama tsinkar zaitun. Ka san ni, ba na iya buɗe baki a gaban manya.

Setti tana sa maka albarka safe da yamma.

Ƙanwarka,
Ferruja

*

Faransa, Nuwamba 1978

Ƙanwata Ferruja,

Na samu wasiƙarki, na kuma yi murna kuna lafiya. Ni ma lafiya, sai zafin tukunyar narka ƙarfe a masana'anta da sanyin waje. Ashe bebiyar gidanmu tana da baki, a alƙalami ta ɓoye shi? Na karanta wa mutanen ɗaki maganar kifin gwangwani, sun yi dariya har wani ya ƙware da shayi.

Ki gaya wa Setti ta daina jera kwanuka a ƙasa tana tarar ruwa, wannan zamani ya wuce. Irin wannan kwano muke narkawa a nan, na san shi kamar tafin hannuna. Ba ya tsatsa, ba ya fashewa, dusar ƙanƙara ba ta zama a kansa balle ta karya itacen rufi. Jikokinki ma za su same shi.

Maganar katako kuwa, ki bar wa Baffa. Shi ne babba a wurin, ya san abin da ya kamata a fara da wanda zai jira. Ke dai ki kula da Setti, ki riƙa shafa mata man zaitun mai ɗumi a gwiwa.

Ki gaida Baffa da matarsa Nna Wardiya. In kin ga 'yarsu Zahwa, ki ce ina tambayar ko ta gama saƙar bargon da na tarar tana yi.

Yayanki,
Arezki

*

Tawrirt, Disamba 1978

Yayana Arezki,

Ina gaishe ka, ina fatan sanyin can bai matsa maka ba. Ni lafiya. Setti ce take tari. Na isar da gaisuwarka gidan Baffa. Zahwa ta rufe fuska da mayafi ta gudu ɗaki, ban san amsar bargon ba.

Dusar ƙanƙara ta sauka, ta rufe duwatsu har gonakin ƙasa. Yaya, ban san yadda zan faɗa maka ba don kada ka ji haushi. Ana ruwa a cikin gidanmu alhali a waje ba a yi. Da safe in na buɗe ido, cikin kwanon ya yi fari da ƙanƙara. Da na hura murhu sai ta narke ta fara ɗiga, a kan bargo, a kan garin alkama, a kan Setti. Da, wuri biyu ne ke yoyo, mun san su, muna sa kwano. Yanzu ko'ina ne. Nna Tawes ta ce numfashinmu ne da na awakin da ke kwana ɗaki ɗaya da mu da tururin tukunya suke hawa, su tarar da ƙarfe mai sanyi, su dawo mana. Ta ce rufin zufa yake yi.

Hayaƙi ya fi ruwan muni. Ba shi da hanya. Yana taruwa a sama ya sauko har ya kai ga wanda yake zaune. In na rufe ƙofa, Setti ta yi ta tari har ta riƙe bango. In na buɗe, sanyi ya shigo ya kama mata ƙirji. Haka nake yini, buɗe, rufe. Na daina kwana a sama, ina kwana a ƙasa kusa da awaki.

Gaskiyarka ce, dusar ƙanƙara ba ta zama a kansa. Ranar da rana ta ɗan fito, duk abin da ya taru ya zubo gaba ɗaya kamar an rushe gini, ya faɗa tsakar gidan Nna Tawes. Ya karya mata reshen ɓaure, ya fasa tulunta na mai. Ta ɗan tashi daga wurin ke nan. Ta fito tana cewa mun sayo ƙarfen Nasara don mu binne ta da rai. Setti ta amsa daga kwance cewa ƙasa ma ba za ta karɓe ta ba balle ƙanƙara, amma tari bai bar ta ta ƙarasa ba. Da Nna Tawes ta ji tarin sai ta koma ta dafo mana romo.

Yanzu ga maganar da na daɗe ina juyawa. An gama tsinkar zaitun, ba wanda ya zo. Setti ta aike ni gidan Baffa karɓo kananzir, sai Zahwa ta ja ni sama in ga sabon ɗakin da ake ginawa a kan shago. Yaya, katakonka ne a rufin. Na gane shi da jan fentin da ke bakinsa. Audugar gilashin tana leƙowa ta gefe, bututun kuma an riga an fitar da shi, an sa murhun ƙarfe. Ɗakin da ɗumi kamar cikin gurasa, kuma ba kowa a ciki.

Ban gaya wa Setti ba, ɗanta ne. Kai kaɗai na gaya wa, domin guminka ne aka ɗauka. Ka rubuta wa Baffa ka tambaye shi kawai ina aka kwana da aikin, kamar ba ka san komai ba. Don Allah, don darajar iyayenmu da ke ƙasa, kada ka ce ni na faɗa. Ka san Nna Wardiya.

Ina jiran amsarka.

Ƙanwarka,
Ferruja

*

Tawrirt, Janairu 1979

Yaya Arezki,

Gaisuwa. Ina fatan lafiya ce ta sa ka yi shiru. Setti ba ta tashi yanzu sai an ɗaga ta. Mun yi bikin Yennayer na sabuwar shekararmu, na yanka zakara kamar kowace shekara, ta sha romon kaɗai.

Da farko na ɗauka ƙanƙara ce ta tare hanya, wasiƙata na kwance a gidan waya. Haka na riƙa gaya wa Nna Tawes in ta tambaya. Na ce yayana da ya ji, ko a ƙafa ne zai zo. Ta ce Allah ya sa.

Jiya na san wasiƙar ta isa gare ka. Na je maɓuɓɓuga da tuluna, mata cike. Nna Wardiya ta ajiye nata tulun, ta tare mini hanya, ta ɗaga murya yadda kowa zai ji.

"Ku matsa, ga bebiya mai alƙalami ta iso. A gabanmu ba ta iya gaisuwa, amma har Faransa ta kai sunan baffanta, wai ɓarawon katako."

Yaya, ban taɓa rubuta wannan kalma ba. Amma ta san maganar jan fenti, ta san na ce ɗakin kamar cikin gurasa, ta ma san na ce "ka san Nna Wardiya". Ta maimaita shi sau biyu tana nuna ƙirjinta. Mata suna kallona, wasu na dariya a cikin mayafi. Na so ƙasa ta buɗe. Na ce a hankali Setti ce ba ta da lafiya, shi ya sa. Sai ta matso kusa da ni.

"In kina neman wanda ya ce a kai katakon sama, ki tambayi yayanki. Ɗakinsa ne. Nan za a kai masa Zahwa da bazara. Tun kafin motar ta taso ya aiko da yadda za a raba kayan."

Na dawo gida da tulu babu ruwa. Na tsaya a bayan garke har fuskata ta bushe, sannan na shiga. Setti ba ta ji ba, kunnenta ya yi nauyi, kuma Nna Tawes ta gargaɗi matan gari kada wata ta kawo mata maganar.

Ni ban yarda ba. Na san Nna Wardiya tana iya faɗin komai in ranta ya ɓaci. Wataƙila ɗan'uwanta da kuke ɗaki ɗaya ne ya ɗauki wasiƙar a aljihunka. Kai ne ka durƙusa a tsakar gida ka nuna mini abin da ke faruwa in an ɗora kwano babu katako. Wanda ya san wannan ba zai yi wa Setti haka ba. Ka rubuto mini layi ɗaya kawai ka ce ƙarya ne, in je in karanta shi a maɓuɓɓuga ko da muryata za ta yi rawa.

Ka kuma faɗa mini abin da zan yi da hayaƙin. Na gwada huda kwanon da ƙusa da dutse a saman murhu, ramin ya yi ƙanƙanta, kuma yanzu nan ma yana ɗiga.

Ƙanwarka,
Ferruja

*

Faransa, Fabrairu 1979

Ferruja,

Na samu wasiƙunki biyu. Ina lafiya. Allah ya ba Setti sauƙi. Na ba wani mai tahowa maganin tari da rigar ulu ya kawo mata.

Ban amsa da wuri ba domin raina ya ɓaci. Na yi shekara ina tsaye a gaban wuta don in rufa muku gida, abin da zan fara ji shi ne wai kwanona yana yoyo fiye da tsoffin kasake. Kwanon nan ba ya yoyo. Yanzu kuma kin ce kin huda shi da ƙusa. Wa ya sa ki?

Eh, ni na aika wa Baffa wasiƙarki. Yarinya ta zargi ƙanin ubanta, kina so in ɓoye masa, in riƙa yi masa tambayar munafunci? Gobe surukina ne. Ban san Nna Wardiya za ta kai maganar maɓuɓɓuga ba, wannan bai yi mini daɗi ba, kuma zan gaya mata.

Maganar ɗaki ba yadda kika ɗauke ta ba ce. Kayan da na samu ba su isa rufi biyu ba. Baffa ya ce ba zai sa ranar aure ba sai ya ga ɗaki a gama, kuma akwai wani ɗan kasuwa daga birni da yake ta aiko mutane neman auren Zahwa. Na yi lissafi na ga gidan Setti ya samu sabon kwano, zai iya jiran katako hunturu ɗaya. Hunturu ɗaya kawai, Ferruja. Na ce wa Baffa a fitar da awaki daga ɗaki, a rage dafa abu mai tururi, a riƙa barin ƙofa a buɗe kaɗan. In bai gaya muku ba, wannan ba laifina ba ne. Kakanninmu sun yi hunturu da ya fi wannan.

Ke yarinya ce, ba ki san yadda ake haɗa abubuwa ba. Wata rana za ki gane. Ki je ki ba Baffa haƙuri, ki sumbaci kansa, maganar ta mutu kafin in zo. Kada kuma ki ɗaga wa Setti hankali da wannan.

Da bazara zan zo da katakon da ya fi wancan.

Yayanki,
Arezki

*

Tawrirt, Maris 1979

Zuwa ga Arezki,

Setti tana gaishe ka. Tana da rai. Maganin da rigar sun iso.

Ban ce kwanonka yana yoyo ba. Ka sake karantawa, in Baffa ya mayar maka da wasiƙar. Awaki kuwa, su ne ɗumin gidan. Da na fitar da su, da sanyi ya kashe su a waje, mu kuma a ciki. Kai ma a gefensu ka girma.

Ga abin da ya faru. Wata safiya na kasa tashin Setti. Leɓenta ya yi baƙi, ƙirjinta na ƙara kamar tafasar tukunya. Na ruga na kira Nna Tawes, ita kuma ta tafi dandali babu ko mayafin kirki ta tsaya a gaban dattawan gari, abin da mace ba ta yi. Ban san me ta gaya musu ba. Maza huɗu suka zo suka cire ƙyauren gida, suka ɗora Setti a kai, suka gangara da ita cikin ƙanƙara. Da ta farfaɗo a hanya, ta yi ta cewa a mayar da ita, ita daga gidan nan sai kabari. Ba wanda ya saurare ta. Likitan da aka kira ya ce huhunta ya taɓu, ba za ta ƙara zama inda hayaƙi yake ba, ko bana ko baɗi, kuma ba za ta iya hawan tudun nan ba. Baffa ya sayar da awakin. An mayar da ƙyauren, an kulle gidan. Dattawa sun ce kafin hunturu mai zuwa a kafa ƙarafunan tare ƙanƙara ko a sauke kwanon, saboda Nna Tawes.

Dattawan ne kuma suka ce a sa Setti a ɗakin da ya fi ɗumi a gidan ɗanta. Ka san wanne ne. Nna Wardiya ta ce ɗakin amarya ne, wani tsoho ya tambaye ta ko amaryar ta fi uwar mai gidan jin sanyi. Ni ma can nake kwana, a ƙasa kusa da ita. Ba mai yi mini magana a gidan sai Zahwa. Ita ba ta san komai ba, ta yi kuka da ta gane, kuma ita take hawo mana da itace. Ban ba Baffa haƙuri ba. Ina gaishe shi, ina zuba masa ruwan alwala, amma ban sumbaci kansa ba.

Setti tana kwance a rigingine yawancin yini, ba abin da take gani sai rufi. Tana yabonsa. Ta ce ba ta taɓa kwana a ƙarƙashin katako mai santsi haka ba, ko ɗigo ɗaya babu, hayaƙi kuma na bin hanyarsa kamar mai hankali. Shekaranjiya ta kira ni ta ce: "Ferruja, ina Busad ya samo wannan katako? Ki rubuta wa Arezki ya nemo mana irinsa, in na warke mu koma gida." Na ce to, Setti. Na fita na tsaya a matakala.

Ban gaya mata ba, kuma ba zan gaya mata ba. Ba don ka ce ba.

Kullum tana tambayata ko an share tsakar gidan, ko itacen ɓauren da ke ƙofar gida ya fara toho. Ina hawa in duba in dawo in gaya mata. Gidan yana nan yana ƙyalli. Tunda ba mai numfashi a ciki, ya daina zufa.

Ta ce lallai in rubuta maka wannan kamar yadda ta faɗa, don haka ga shi. Ta ce Allah ya yi maka albarka, ya rufa maka asiri kamar yadda ka rufa mata gida, ya ba ka 'ya'yan da za su yi maka abin da ka yi mata.

Na rubuta domin maganarta ce, ban ƙara ba, ban rage ba. Ni ba ni da saƙo. An kawo sabon malami makaranta, na roƙe shi ya riƙa rubuta muku wasiƙa kai da Setti, ya yarda. Shi za ka riƙa aika wa.

Ferruja